Yadda Ake Kimanta Tsohon Hoton Birni na Bugun Faranti Mai Kalar Hannu

Lokaci-lokaci ana cin karo da irin wannan hoto a Sakkwato: cikin akwatin ƙarfen dattijon da ya yi aiki zamanin En'e, ko a falon wanda ya yi karatu a Ingila, ko cikin kayan gado da aka rasa kuɗin da za a sa masa ranar rabo. Takarda ce da ta yi ja don tsufa, ɗauke da ganuwa ko masallaci ko kasuwa, ga ƙananan rubutun boko a ƙasa, ga kala da alamar hannu ne ya shafa ta. Mai ita kullum da "nawa za ta yi?" yake farawa. Wannan tambaya kuwa ita ce ta ƙarshe a aikin. Sai ka san yadda aka buga hoton, a kan wace takarda, daga wane littafi aka ciro shi, kuma yaushe aka sa masa kala, sannan bakinka ya isa ya faɗi kuɗi.

Kayan aiki

Babban makami shi ne gilashin ƙara girma mai ninki 10, irin wanda masu gyaran agogo da maƙeran zinariya ke ɗorawa a ido. In babu, ɗan gilashin da ake maƙalawa a kyamarar waya ya wadatar. In shi ma babu, masu gyaran waya suna da na'urar ƙara girma a kan teburinsu, kuma minti biyar a ƙarƙashinta ya isa.

Sai ƙaramar tocila mai farin haske, da fitilar duba jabun kuɗi mai shuɗin haske, da rula mai milimita (ta roba ta fi, don ta ƙarfe tana kartar takarda), da fensir da littafin rubutu, da farin kwali mai tsabta wanda ya fi hoton girma, da burushi mai laushi sosai, da ɗan filaya don cire ƙusoshin firam. Biro, shayi, ruwan leda, duk a kawar da su daga teburin. Safar hannu ba dole ba ce. Hannu wankakke da sabulu, busasshe, wanda ba a shafa masa mai ko turare ba, ya fi jin takarda. Kashe fanka, rufe taga. A watan Afrilu kuwa sa tawul kusa, domin ɗigon gumi ɗaya a kan kalar ruwa ba ya gyaruwa.

1. Tambayi tarihinsa kafin ka taɓa shi

Zauna da mai hoton tukuna. "Baba, wa ya fara shigo da shi gidan nan? Saya aka yi ko kyauta? A wace ƙasa? Akwai rasit ko wasiƙa?" Rubuta amsar yadda aka faɗe ta, ka ware abin da ke da takardar shaida da abin da ji aka yi a bakin iyaye. Duka biyun suna da amfani, amma na farkon ne kaɗai ke ƙara kuɗi. Daga nan ɗauki hoton gaba da baya da wayarka, har da duk wata takardar shago ko lamba da ke manne a bayan firam. Mutane kan yage ta su yar, alhali wani lokaci ita kaɗai ke nuna garin da aka sayo shi da shekarar.

2. Fitar da shi daga firam

Ba a kimanta hoto ta bayan gilashi. Kifa firam ɗin a kan tawul, zare ƙusoshin, ɗaga katakon baya a hankali. Idan ka ji takarda ta manne da gilashi, tsaya nan. Kada ka ja, kada ka jiƙa, kada ka hura mata zafi. Ci gaba da abin da za ka iya gani ta gilashin, ka rubuta cewa haka ka duba shi.

In ya fito lafiya, ɗora shi a kan farin kwalin, kuma daga yanzu kwalin za ka riƙa ɗauka, ba takardar ba. Tsohuwar takarda a lokacin hunturu takan bushe ƙayau, lanƙwasa kaɗan sai ta karye. Ƙurar da ke gefe kaɗe ta da burushi daga ciki zuwa waje, ban da wurin kala.

3. Tsohon bugu ne ko aikin injin zamani?

A nan yawancin hotuna ke faɗuwa, don haka kada ka ɓata lokaci a sauran matakai kafin ka gama da wannan. Zaɓi wuri mai haske-haske, kamar sararin sama ko bangon gini, ka ɗora gilashin ƙara girma.

Idan ka ga ƙananan ɗigo-ɗigo a jere reras, shuɗi da ja da rawaya da baƙi, suna haɗuwa suna yin 'yan da'irori, hoton hoto ne aka buga da injin buga kalanda. Wannan fasaha ta ɗigo a jere sai a shekarun 1880 ta shiga harkar ɗab'i, mai kala huɗu kuma ta yawaita ne a ƙarni na 20. Idan ɗigon masu waɗannan launuka ba a jere suke ba, a warwatse suke kamar an fesa, firinta ce ta kwamfuta. Idan baƙin yana ƙyalli yana zaune a saman takarda kamar an narka shi, fotokwafi ce. Duk ukun ba su da darajar kayan tarihi. Kuɗinsu kuɗin firam ne da kwalliya.

A tsohon bugun faranti, layi layi ne. Kana binsa da gilashi daga farko har ƙarshe ba ya tsinkewa ya koma ɗigo. Duba baƙin da kalar daban-daban, domin akwai wata dabara: a buga baƙin layin da inji a sabuwar takarda, sannan a shafa kalar ruwa ta gaske da hannu. Mai gaggawa yana ganin sawun burushi sai ya gamsu.

4. Wane irin tsohon bugu ne?

Kashe fitilar ɗaki, kwantar da tocila a gefen takarda yadda haske zai bi ta samanta a kwance. Abu biyu kake nema.

Na farko sawun faranti. Ana sassaƙa hoton ne a farantin jan ƙarfe, a cika ramukan da tawada, a goge saman, a ɗora damshin takarda, a matse da ƙarfi. Matsin yana barin wani ɗan zurfi mai kusurwa huɗu kewaye da hoton, yawanci da kusurwoyi masu ɗan lanƙwasa, kuma takardar da ke cikin zurfin ta fi ta waje santsi. Na biyu tudun tawada. Tunda daga rami aka zaro ta, a wurare masu duhu za ka ga layukan sun ɗan taso suna jefa inuwa. Ana cewa a shafa da yatsa a ji. Bari tocila ta yi maka wannan aikin.

Sawun faranti shi kaɗai ba hujja ba ne. Ana danna shi da gangan a kan bugun zamani, kuma tun ƙarshen ƙarni na 19 akwai kwafin da ake ɗauka da kyamara a zuba a faranti, yana fitowa da sawu na gaske. Haka kuma rashinsa ba ya kashe hoto, domin masu ɗinkin littafi da masu firam sukan datse gefe.

Sai ka rarrabe:

Sassaƙar hannu a jan ƙarfe: layi yana farawa siriri, ya kumbura a tsakiya, ya ƙare da tsini. Layin da aka zana a faranti aka bar asid ya ci shi kuwa kaurinsa ɗaya, bakinsa a dakushe, yana da 'yar karkarwar hannu. Yawancin hotunan birane kafin 1820 sun haɗa biyun, itatuwa da mutane da asid, gine-gine da sassaƙa. Jan ƙarfe yana da laushi, bayan 'yan ɗaruruwan bugu layuka kan fara lalacewa, shi ya sa na farko-farko masu kaifi suka fi tsada.

Sassaƙa a ƙarfen sitil: daga shekarun 1820 zuwa sama. Hoton yakan zama ƙarami, layukan sirara matuƙa kuma a matse, sararin sama layuka ne miƙaƙƙu da na'ura ta ja. Faranti ɗaya yana buga dubbai. Wannan nau'in ya cika kasuwannin Turai, kuma komai kyansa ba ya tsada.

Bugun dutse: Alois Senefelder ya ƙirƙiro shi a Jamus a ƙarshen shekarun 1790. Ba sawun faranti, tawada a shimfiɗe take, a gilashi za ka ga tsaki-tsaki marasa tsari irin na zanen alli.

Bugun katako: na jaridu da mujallu ne, irin Illustrated London News da ta fara fitowa a 1842. Takarda siririya, rubutun labari a baya, ba sawun faranti, tawada ta ɗan taru a gefen layi.

5. Takarda

Ɗaga kwalin, zame hoton kaɗan, haska tocila ta bayansa. Takardar hannu ta dā tana nuna ƙananan layuka a matse, da wasu manya da suka ratsa su, tsakanin kowane biyu santimita 2 zuwa 3. Duk wanda ya taɓa riƙe tsofaffin littattafan malamanmu ya san irinta, har da tambarin jinjirin wata uku na takardun Italiya da fatake ke ketaro Sahara da su. Takarda mai santsi marar layuka ta fara ne a Ingila a shekarun 1750 a masana'antar James Whatman, amma ba ta zama ruwan dare ba sai wajen 1800. Saboda haka hoton da ke iƙirarin 1600 ko 1700 a kan takarda marar layuka, ko dai an sake buga shi daga baya, ko kwafi ne. Akasin haka ba ya aiki: har yau ana yin takarda mai layuka, ganinsu kaɗai ba ya tabbatar da tsufa.

Nemi tambarin cikin takarda, ka zana shi a littafinka. Takardun Ingila da yawa daga 1794 suna ɗauke da shekara. Wannan shekarar tana gaya maka cewa ba a buga hoton kafin ta ba. In rubutun ƙasa ya ce 1790, tambari ya ce 1825, bugun baya ne daga tsohon faranti, kuma kuɗinsa ya ragu.

Yanzu fitilar jabun kuɗi, a cikin duhu. Takardar da ta yi walƙiya fari-shuɗi tana da sinadarin ƙara fari, wanda aka fara zubawa a takarda wajen 1950. Tsohuwa ba ta walƙiya, dishi-dishi take. Fitilar kuma tana tona faci da gam da wuraren da aka cike da sabuwar kala.

A kula da wani abu da ke ruɗar mutane. Takardar 1600 da aka yi da tsumma sau da yawa ta fi ta 1890 fari da ƙarfi, domin ta baya da ɓawon itace aka yi ta, tana ja tana karyewa. Ja ba shi ne tsufa ba. Masu jabu sukan jiƙa takarda da shayi, sai ta yi launi ɗaya gaba da baya har tsakiya. Tsufa na gaske ya fi kama gefe-gefe da inda haske ke bugu.

6. Karanta rubutun ƙasa, auna

Kwafe kowane harafi yadda yake, har da kuskuren rubutu, domin kuskure kan bambanta bugu da bugu. A hagu yawanci sunan wanda ya zana, da del. ko delin. ko pinx. a bayansa. A dama wanda ya sassaƙa, da sc. ko sculp. ko fecit. Exc. na nufin wanda ya wallafa, lith. mai bugun dutse, imp. maɗaba'a. Hotunan Ingila bayan dokar 1735 da ta kare haƙƙin masu sassaƙa sukan ɗauki layin da ke faɗin mai wallafawa da rana da shekara. Shekarar da ke jikin hotunan littafin Heinrich Barth, matafiyi Bajamushe, kuwa, misali, ta ranar da ya ga wurin ce, ba ta bugu ba. Wannan bambanci yana da yawa a littattafan matafiya.

Auna abu uku da milimita, tsawo kafin faɗi: hoton kansa, sawun faranti, da takardar gaba ɗaya. Duba baya ko akwai rubutu da harshen da aka yi shi, ko akwai ninki a tsakiya da ragowar siririyar takardar da aka manna shi da ita a littafi, ko ramukan zare a gefe ɗaya.

7. Gano littafin da ya fito, ka gwada da na asali

Kusan duk hotunan birane shafukan littafi ne da aka ɓalle. Rubuta taken hoton da sunan mai sassaƙa a intanet. Rumbun hotuna na Gidan Tarihin Birtaniya kyauta ne kuma yana ba da awo, Internet Archive kuma na da tsofaffin littattafan matafiya shafi-shafi. In intanet ta gagara, gwada ɗakin karatu na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ko Cibiyar Tarihi da Al'adu ta Waziri Junaidu, ko Gidan Arewa a Kaduna.

Ga waɗanda suka fi shafar mu. Heinrich Barth, wanda ya yi yawo da sunan Abdulkarim, ya shiga Kano a 1851, ya zo Sakkwato a 1853 zamanin Sarkin Musulmi Aliyu Babba. Littafinsa mai juzu'i 5 ya fito da Turanci a Landan, da Jamusanci a Gotha, a 1857 zuwa 1858, da hotuna 60 da J. M. Bernatz ya gyara daga zanen Barth. A cikinsu akwai Kano daga kan Dala, da kasuwar Sakkwato, da Tumbutu. Dukansu bugun dutse ne, launinsu ma da dutse aka buga shi, ba da burushi ba, kuma shafin bai wuce kimanin santimita 22 da 14 ba. To, in aka kawo maka "kasuwar Sakkwato ta Barth" da sawun faranti, ko mai girman kalanda, ba daga wannan littafin ta fito ba. In a katako aka sassaƙa ta da rubutu a baya, daga wata mujalla ko ƙaramin bugu na baya take. Tsohuwa ce ita ma, amma ba ta kai ta farkon ba.

Littafin matafiyan Birtaniya Denham da Clapperton na 1826, wanda John Murray ya wallafa a Landan, shi kam sassaƙar faranti ce, aikin Edward Finden, kuma a cikinsa ne taswirar da Clapperton ya samo a fadar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello a 1824 take. Cikin sauran da aka fi gani akwai biranen Braun da Hogenberg da aka buga a Kolon ta Jamus daga 1572 zuwa 1617, har da Alƙahira da Mombasa da Aden: shafi biyu ne da ninki a tsakiya, takarda mai layuka, rubutun Latin ko Jamusanci ko Faransanci a baya. Akwai birnin Benin na Olfert Dapper, Amsterdam, 1668. Akwai masallatan Alƙahira da Ƙudus na David Roberts, bugun dutse na Louis Haghe a shekarun 1840, manya-manya, sannan aka sake fitar da ƙanana a 1855 zuwa 1856. Hotunan Roberts da Braun an kwafe su ba adadi don 'yan yawon buɗe ido, don haka a kansu zargi ake farawa da shi.

In ka samu na asali, gwada awo. Bambancin milimita 2 ko 3 ba komai ba ne, takarda tana tsukewa in ta bushe. Bambancin santimita guda ko fiye yana nufin wani faranti ne daban. Sannan zaɓi ɗan lungu ɗaya, ƙofa ko hasumiya, ka ƙirga tagogi da layukan inuwa a duka biyun. Wanda ya sake sassaƙa hoto da hannu ba ya taɓa daidaita su duka.

8. Kala: hannu ne, kuma na yaushe?

Kalar hannu tana da sauƙin ganewa. Tana ɗan tsallake layi ko ta kasa kai masa, tana taruwa ta yi duhu a bakin inda ta bushe, a gilashi kuma shimfiɗa ce ba ɗigo ba. Abin da ke da wuya, kuma inda kuɗin yake, shi ne sanin lokacin da aka shafa ta. Masu saye sun kasa ta uku: wadda mai wallafawa ya sa aka yi tun farko, tsohuwa da wani mai littafin ya sa aka yi a zamanin, da sabuwa da dillali ya ƙara don hoton ya shiga ido.

Juya takardar. Koren dā da tsatsar jan ƙarfe ake haɗa shi, kuma cikin ɗaruruwan shekaru yana cin takarda, ya ɓullo ta baya launin ƙasa-ƙasa, daidai siffar itatuwa da filayen da ke gaba. Wani lokaci har takardar ta tsage a wurin. Wannan lahani ne, amma kuma babbar shaida ce ga hotunan ƙarni na 16 zuwa na 18. Masu wayo sukan shafa ruwan ƙasa a baya don kwaikwayo. Haska tocila ka ga ko tabon ya dace da koren gaba daidai, kuma ko ya ratsa takardar ko a sama yake zaune.

Sai ka nemi inda kala ta haɗu da lahani. In akwai ramin ƙwaro kuma kala ta gangara cikin bakinsa, ko ta hau kan faci, ko ta rufe tabon tsufa, to bayan lahanin aka shafa ta. A hoto mai ninki, tsohuwar kala takan bar inuwarta a ɗaya shafin saboda daɗewa a rufe. Fari da jan da aka haɗa da dalma sukan yi baƙi-baƙi, shi ya sa za ka ga fuskokin mutane sun yi duhu. A wurare masu inuwa a kan shafa ƙaro don ƙyalli, kuma tsohon ƙaro yana yin 'yan tsage-tsage da ake gani da hasken kwance. Shunayya mai ƙarfi ta sinadari ba ta wanzu ba kafin 1856.

Sanin littafin yana rage wahala. Ƙananan hotunan sitil na shekarun 1830 da 1840 kusan duka baƙi da fari aka sayar da su, don haka kalar da ke kansu ta baya ce. Na Braun da Hogenberg an sayar da masu kala da marasa kala. Na Roberts akwai na masu biyan kuɗi tun kafin bugu, da aka yi wa kala da hannu aka manna a kwali, su ne masu tsada, akwai kuma na gama-gari masu launin dutse, waɗanda da yawansu aka yi wa kala daga baya. Sabuwar kala mai kyau ba zamba ba ce in an faɗa. Mai neman kwalliyar falo yana sonta, mai tara kayan tarihi kuwa gara masa baƙi da fari da ba a taɓa ba.

Kada ka gwada kala da ruwa ko yawu. Tsohuwa da sabuwa duk narkewa suke.

9. Lafiyar hoton

Bi shi kusurwa-kusurwa ka rubuta: yagewa da tsawonta, ko ta shiga cikin hoton ko a gefe ta tsaya, ɗigon tsatsa, sawun ruwa, fumfuna, cin gara, kashin kyankyaso, hayaƙin turaren wuta ko na fitila, koɗewar kala. Don gane koɗewa, duba bakin da firam ya rufe. Ja da rawaya ke fara gudu, sai hoton ya koma shuɗi-shuɗi.

Lahani ba ɗaya ba ne. Tabo a gefe da ninkin asali ba sa rage abin kirki. Datse gefe har cikin sawun faranti, ko yanke rubutun ƙasa, ko manna hoton duka a katako da gam, suna rage kuɗi sosai. Salatif yana barin tabon mai da ba ya fita da sauƙi. Mafi muni shi ne lamineshin. Mun saba kai takardun makaranta a rufe su da roba, sai a yi wa tsohon hoto haka da niyyar kare shi. Zafi da gam sun riga sun shiga takardar, ba mai sayen kayan tarihi da zai taya. Kada ka yi gyara da kanka kafin kimantawa, ko da guga ce ko gogewa da roba.

10. Sa kuɗi

Nemi abin da aka sayar, ba abin da aka sa wa suna ba. Kowa na iya rubuta dala dubu a shafinsa, hoton ya shekara goma ba wanda ya taya. Shafukan LiveAuctioneers da Invaluable suna ajiye sakamakon gwanjo, eBay na da wurin duba waɗanda aka riga aka sayar, manyan gidajen gwanjo irin Bonhams da Christie's da Sotheby's ma suna barin nasu a buɗe. Tara cinikai 3 zuwa 6 na wannan hoton, wannan bugun, cikin shekaru biyar da suka wuce. Duba ko kuɗin ya haɗa da la'adar da mai saye ke biya a kan farashin gwanjo, wadda a manyan gidaje takan kai kashi ɗaya cikin huɗu ko fiye. In ba a taɓa sayar da naka shi kaɗai ba, ɗauki 'yan'uwansa na littafi ɗaya, amma ka tuna sanannen birni ya fi ƙauyen da ba a sani ba.

A ƙaddara ka samu dala 60, 75, 80, 90 da 210. Buɗe na 210 ka ga dalili. Wataƙila kalar asali ce, ko mutum biyu ne suka yi ja-in-ja. Ajiye shi gefe. Tsakiyar sauran wajen 75 zuwa 80. In naka yana da sawun ruwa da ya shiga hoton, sauka ƙasa da na 60. In ya fi su tsabta da faɗin gefe, hau zuwa 90. Faɗi tazara, kada ka faɗi lamba ɗaya, kuma in ka juya zuwa naira rubuta canjin ranar.

Kuɗi iri uku ne, ka faɗi wanda kake nufi. Na shago shi ne mafi sama, shi ake amfani da shi in za a maye gurbin abin da ya ɓata. Na gwanjo shi ne na tsakiya, kuma shi ya fi dacewa da rabon gado. Tayin dillali shi ne na ƙasa, sau da yawa bai wuce rabin na shago ba, domin shi ma zai ci riba. Ga ƙaramin hoto, kuɗin aikawa Turai da la'adar mai gwanjo kan cinye ribar. Hoton Sakkwato ko Kano kuwa yakan fi samun mai so a nan gida fiye da Landan, saboda wanda garinsu ne ya fi jin sa.

In hotunan suna cikin littafinsu, kada a ɓalle. Cikakken littafi da taswirorinsa a kimanta shi a matsayin littafi. Kuma wanda ke son saye bai kamata ya zama mai kimantawa ba. In an matsa da tayi kafin ka gama bincike, a ce albarka.

11. Rubuta rahoto, ajiye hoton

Shafi ɗaya ya isa: take, mai zane, mai sassaƙa, littafi da shekara, irin bugu, takarda da tambarinta, awo uku, hukuncin kala da dalilinsa, lahani, tarihin mallaka, cinikan da ka gwada da su da ranakunsu, tazarar kuɗi da irinsa, kwanan wata, sa hannu. Inda hujja ba ta kai ba rubuta "ana kyautata zato". Haɗa hotunan gaba da baya da na gilashi.

Wanda zai fitar da hoton ƙasar waje ya fara tuntuɓar Hukumar Kula da Gidajen Tarihi da Kayan Tarihi ta Ƙasa, domin dokar 1979 ta hana fitar da kayan tarihi ba izini, kuma ita ke da ikon cewa abu ya shiga wannan sahu ko bai shiga ba.

In ajiyewa za a yi, sa shi a kwance tsakanin fararen takardu marasa asid, cikin kwali mai tauri, a ɗakin da ke tsakiyar gida, a ɗage ba a ƙasa ba, nesa da bangon da ke jiƙa da damina. Kada a rufe shi a leda, tana tara gumi. A buɗe a duba gara da fumfuna a farkon damina da ƙarshenta. In za a mayar da shi firam, a ce wa mai firam ya sa kwalin tazara don takarda kada ta taɓa gilashi, kada ya datse gefe, kada ya sa gam, sannan a rataye a bangon da rana ba ta bugu.